Ba Ma'aikaci Ba, Ba Ɗan Kwangila Ba: Masu Yi wa Gwamnati Aikin Kwamfuta Tsakanin Garki Biyu

Garki biyu wannan magana ta shafa. Akwai ta Abuja, inda ofishin Babban Akanta na Ƙasa yake, gidan da albashin ma'aikatan tarayya da kuɗin 'yan kwangila ke bi kafin su isa banki. A unguwar ce kuma hedikwatar NITDA take, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa, wadda ɗan Haɗeja, Kashifu Inuwa Abdullahi, yake shugabanta tun 2019. Sai kuma tamu ta Jigawa, a masarautar Ringim, maƙwabciyar Ɓaɓura da Taura, ƙasar gero da riɗi da gyaɗa. A waccan ake zama a yanke cewa daga yau komai sai da kwamfuta. A wannan ake samun matashin da zai zauna a kan benci da na'ura a cinya, ya danna yatsan dattijo sau biyar saboda fartanya ta cinye zanen, ya jira sabis ya dawo, ya sake dannawa.

Irin wannan matashi kowa a sakateriya ya san shi. Shi ake kira in firinta ta ƙi, shi ake nema in jerin sunayen albashi ya rikice, shi ake tasa daga barci in baƙi za su zo daga Dutse a nuna musu bayanai a allo. "Yaron kwamfuta" ake ce masa ko da ya ajiye 'ya'ya uku. Abin da ba kowa ya sani ba, wani lokaci har da shi kansa, shi ne sunan da takarda ta ba shi. Ma'aikaci ne? Ɗan kwangila ne? Ƙwararre ne da aka ɗauko ya ba da shawara? Wannan suna shi ke yanke nawa za a cire masa, aljihun wa kuɗin za su shiga, yaushe za a biya shi, da abin da zai tarar ranar da ƙarfinsa ya ƙare.

Jihar da ta yi sammako

Jigawa ta riga jihohi da yawa shiga wannan fage. A zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, 1999 zuwa 2007, aka kafa kamfanin sadarwa na Galaxy a Dutse, aka buɗe cibiyar koyon kwamfuta ta Informatics a Kazaure da haɗin gwiwar wani kamfanin Singafo. Mutane sun yi ta mamakin jihar da ke fama da ruwan sha tana zancen intanet. Ko ma me aka ce, yara sun koya. Daga baya Jami'ar Tarayya ta Dutse ta zo a 2011, ta jiha ta biyo baya a Kafin Hausa, ga kwalejojin fasaha a Kazaure da Dutse da Haɗeja. Duk shekara ana yaye masu takardar kwamfuta, kuma a jihar da manyan kamfanoni ba su da yawa, babban mai sayen wannan ilimi gwamnati ce.

Tana saye kuwa. Hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015, sai cibiyoyi suka buƙaci masu kula da na'urori. A Disamban 2020 aka ce kowa ya haɗa layin wayarsa da lambar NIN, sai rumfunan rajista suka cika kasuwanni. Zaɓen 2023 ya zo da na'urar BVAS, hukumar INEC ta ɗauki masu gyaranta na wucin gadi a mazaɓu. Ga tantance ma'aikata da hoton yatsa, ga shigar da bayanan asibiti da na makarantu, ga rajistar manoma da ta masu karɓar tallafi. Kaɗan ne daga cikin waɗannan ayyuka ake ɗaukar mutum aikin dindindin a kansu. Akasari shiri ne mai wa'adi, ko kwangila, ko abin da ba shi da suna sai alawus.

Riga uku, mutum ɗaya

A idon dokar haraji, mai wannan aiki yana iya sanye da ɗaya daga cikin riguna uku.

In ma'aikaci ne, magana ta yi sauƙi. Ofishinsa ke lissafa harajinsa, ya cire daga albashi wata-wata a tsarin da ake kira PAYE, ya kai wa hukumar tara kuɗin shiga ta jihar da yake zaune. Shi ba ruwansa da cike-cike. Yana da hutu, yana da ƙarin girma, yana da fansho.

In kuwa da sunansa ya karɓi aikin, ko da sunan kasuwanci da ya yi wa rajista a hukumar CAC, doka na kallonsa a matsayin mai sana'ar kansa. Harajinsa na jiha ne har yanzu, amma shi zai lissafa ribarsa ta shekara ya kai. Kafin nan, duk sanda za a biya shi sai a zaftare wani kaso tun kuɗin ba su bar baitulmali ba. 'Yan kwangila "widholdin" suke ce masa. Asalinsa kafin alƙalami ne na haraji: abin da aka riƙe, a ƙarshen shekara a ɗebe shi daga abin da ake binka, in ya yi rara kai ke bin gwamnati.

Riga ta uku ita ce cikakken kamfani, wanda doka ta ɗauke shi mutum daban da mai shi. A nan kuɗin da aka riƙe Abuja suke tafiya, ga hukumar da aka sani da FIRS, wadda ta koma NRS daga Janairun 2026. Mutum ɗaya, kwamfuta ɗaya, tebur ɗaya a sakateriya ɗaya, amma canjin takarda kaɗai ya raba Dutse da harajinsa.

Yawan abin da ake riƙewa ma ya dogara da kalmar da akawu ya rubuta a bauca. A da, kamfanin da ya yi aikin ƙwarewa ko ba da shawara kashi 10 cikin ɗari ake riƙe masa, mutum shi kaɗai kashi 5. Ƙa'idar da Ministan Kuɗi na lokacin, Wale Edun, ya sa wa hannu, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2025, ta mayar da su duka kashi 5. Kawo kaya da sauran hidimomin da ba a ware ba, kashi 2. Wanda ba shi da lambar haraji kuwa, ninki ake yi masa. Aikin naira miliyan ɗaya ke nan yana iya rasa 20,000, ko 50,000, ko 100,000, gwargwadon layin da aka ajiye shi. Akawu kuma ya san ofishin da ya cire ƙasa da ƙima shi ake ci tara, saboda haka in ya yi shakka, babban kaso yake zaɓa. Ban ga laifinsa sosai ba. Shi ma wuyansa yake karewa.

Inda gizo ke saƙa shi ne aikin kwamfuta ba ya zuwa a ware. A ce an ba mutum aikin haɗa na'urori a wani ofis kan naira miliyan ɗaya. Kayan da ya saya a Kano, waya da batir da inbata da sauransu, sun ci 800,000. Ladan hannunsa 200,000 ne. In bai raba kaya da aikin hannu a takardar neman biya ba, kashi 5 ɗin nan a kan kuɗin gaba ɗaya za a ɗora shi. Sannan ga harajin VAT, wanda ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5 a Fabrairun 2020, kuma ofisoshin gwamnati tun daga tushe suke cire shi. Ɗan kwangilar da ya goge yakan ɗora shi a saman farashi tun farko. Sabon shiga bai san da shi ba, sai a yanko shi daga cikin miliyan ɗin, kusan 70,000. Haɗa biyun, an wuce 110,000. A takarda ɗan kaso aka cire. A aljihu fiye da rabin guminsa ne ya tafi, ba a ma zo kan kuɗin kan sarki da na mota zuwa Dutse ba.

Sabuwar doka, tsohon rami

Ranar 26 ga Yunin 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji huɗu da suka fito daga aikin kwamitin Taiwo Oyedele, suka fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026. A Arewa hankali ya fi tafiya kan rabon kuɗin VAT tsakanin jihohi, abin da gwamnoni da sarakuna suka yi taro a kansa a Kaduna a Oktoban 2024. Sashen da ya shafi aljihun ƙaramin ma'aikaci bai samu irin wannan hayaniya ba, alhali a nan canjin ya fi kusa da tukunya. Naira 800,000 na farko da mutum ya samu a shekara babu haraji a kansu. Miliyan 2.2 da ke biye kashi 15, a haka ake hawa har kashi 25 ga abin da ya haura miliyan 50.

Yanzu a auna. Wanda ake ba 60,000 a wata don shigar da bayanai, 720,000 yake samu a shekara. Doka ba ta binsa ko sisi. Da ma'aikaci ne, da ba a taɓa masa komai ba. Amma in takarda ta kira shi ƙwararre mai zaman kansa, 3,000 za a riƙe duk wata, 36,000 a shekara, fiye da rabin abin da yake samu a wata guda. Haƙƙinsa ne ya nema a maido masa. Sai dai neman na buƙatar cike takardar shekara, da shaidar an cire, da zirga-zirga, kuma mutumin Garki zai fara lissafa kuɗin mota kafin ya lissafa haƙƙi.

Wanda ke samun 150,000 a wata kuwa, labarinsa ya juya. Miliyan 1.8 ke nan a shekara, harajinsa 150,000, abin da aka riƙe 90,000. Yana zaune yana ganin ya gama da gwamnati, ashe ana binsa 60,000. Abin da zai cece shi shi ne doka ta yarda mai sana'a ya ɗebe abin da ya kashe don aikin kafin a lissafa riba: data, man janareta, gyaran na'ura. In waɗannan sun kai 400,000 kuma yana da rasit, lissafi ya tashi daidai, ba a binsa ba ya bi. Amma wa ke karɓar rasit a wurin mai sayar da fetur a galan?

Mai cewa bari in buɗe kamfani in huta, shi ma ya yi hattara. Sabuwar dokar ta yafe wa ƙananan kamfanoni harajin riba, amma ta cire masu aikin ƙwararru daga wannan rangwame. Ko mai rubuta manhaja ko mai girka intanet a ofis ya faɗa cikin ƙwararrun da ake nufi, ko kuwa mai sana'ar hannu ne, wannan gardama ce da za a sha yi a teburin jami'in haraji. Wani abin dariya mai ciwo kuma: lambar NIN ce yanzu aka ɗauka a matsayin lambar harajin mutum. Yaron da ya yini a rana yana yi wa jama'a rajista, da hannunsa ya saƙa ragar da shi ma yake ciki.

Takardar da ba a bayarwa

Duk wannan tsari a kan takarda ɗaya ya rataya, wato shaidar cewa an cire maka kaza, ranar kaza, an kai wa hukuma kaza. Ƙa'idar 2025 ta wajabta wa mai cirewa ya ba da rasit, ta kuma ce wanda aka cire wa yana iya kai rasit ɗin a lissafa masa ko da ofishin bai kai kuɗin ba tukuna, hukumar haraji ta bi ofishin da kanta. Gyara ne mai kyau, domin a da sai kuɗin sun bayyana a littafin hukuma ake yarda an cire maka.

A aikace, mutane da yawa saƙon banki kawai suke gani. An yi yarjejeniya a kan kaza, abin da ya shigo bai kai ba, in an tambaya a ce "haraji ne". Wane haraji, kashi nawa, wa aka kai wa, ba a faɗa. Ƙaramin ɗan kwangila kuma ba ya son a san shi da yawan tambaya, saboda gobe ma yana neman aiki a wurin. Sai ranar da ya je neman takardar shaidar biyan haraji ta shekara uku, wadda babu babbar kwangila sai da ita, sannan ya ji an ce ba a ga sunansa ba. Ya biya, kuma bai biya ba.

Abin da kotu ta ce

Tambayar wane ne ma'aikaci, wane ne ɗan kwangila, ta taɓa zuwa gaban Kotun Ƙoli. A shari'ar kamfanin Shena Security da Afropak a 2008, kotun ta jera alamomin da ake dubawa. Albashi ake biya ko ladan aiki? Wa ya kawo kayan aiki? Mutumin yana da ikon turo wani ya yi a madadinsa? An ƙayyade masa lokacin zuwa da tashi? A harabar mai aikin yake yi ko a wurinsa? An ba shi ofis?

A ɗora waɗannan a kan "yaron kwamfuta". Ƙarfe takwas yake zuwa kamar kowa. Kwamfutar ofis yake amfani da ita, ko kuma tasa saboda ta ofis ta mutu. Ba zai turo ƙanensa ba. Darakta ke ba shi umarni, kuma in ya yi fashin kwana biyu sai an tuhume shi. Duk alamar ma'aikaci ta cika, sai a ranar biya yake komawa ɗan kwangila. Ni a ganina nan ne cutar take, ba a kashi 5 ba. Gwamnati na son biyayyar ma'aikaci a farashin ɗan kwangila.

Dokar Ƙwadago, wadda asalinta na zamanin soja ne a shekarun 1970, ta ce a ba ma'aikaci rubutattun sharuɗɗan aikinsa cikin wata uku da farawa. Sai dai ma'anar ma'aikaci a cikinta ta fitar da masu aikin fasaha da na ƙwarewa. Iliminsa da ya kamata ya ɗaga shi, shi ya fitar da shi daga inuwar. Ƙofar da ta rage ita ce Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya faɗaɗa ikonta, kuma takan duba zahirin alaƙa fiye da sunan da aka rubuta. Amma mai alawus ɗin 60,000 da lauya, sai dai a gaisa a masallaci.

Birtaniya ta sha wannan rigima, kuma abin da ya faru can yana da amfani a sani. A shekarar 2000 suka kawo dokar da ake kira IR35, don kama masu aiki kamar ma'aikata amma suna karɓar kuɗi ta kamfanin mutum ɗaya, yawancinsu masu aikin kwamfuta. A Afrilun 2017 aka ɗauke nauyin tantancewa daga kan ɗan kwangila aka ɗora wa hukumar gwamnatin da ta ɗauke shi: ita za ta ce ma'aikaci ne ko a'a, in ta yi kuskure ita za ta biya. A 2021 aka faɗaɗa wannan zuwa manya da matsakaitan kamfanoni. Sai ga ma'aikatun gwamnatin da kansu sun kasa bin dokar. Ofishin binciken kuɗi na ƙasar ya ce a 2022 harajin da ya hau kansu saboda kuskuren tantancewa ya kai fam miliyan 263, ma'aikatar ayyuka da fansho kaɗai kusan miliyan 88. 'Yan kwangila kuma suka koka cewa ana cire musu harajin ma'aikaci ba tare da haƙƙin ma'aikaci ba. Tsarin nasu ba abin kwafa ba ne dungurungum, kuma can gudun haraji ake bi, nan kuwa neman a biya ake yi. Abu ɗaya dai ya dace da mu: mai biya shi ya kamata ya faɗi matsayin wanda yake biya, a rubuce, ya kuma ɗauki alhakin abin da ya faɗa.

Jiran fayil

Ko an warware haraji, saura biya. Dokar sayen kayan gwamnatin tarayya ta 2007 ta ce kuɗin da suka wuce kwana 60 bayan an miƙa takardar neman biya sun zama jinkirtattu, kuma akwai ƙari a kansu gwargwadon abin da kwangila ta tanada. Ƙaramin ɗan kwangila bai cika jin wannan ba. Abin da ya saba ji shi ne "fayil na kan teburin oga", "ba a saki kuɗi ba", "ka dawo wani mako". Mai aikin kwamfuta kuwa jinkiri ya fi yi masa illa, domin kayansa da dala ake shigo da su. Kafin Yunin 2023 dala na kusan naira 460 a farashin gwamnati. A Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Wanda ya ba da farashi a farkon wannan tsakani aka biya shi a ƙarshensa, kuɗin na'ura uku sun koma na ɗaya.

Akwai kuma tsani. Hukuma ta ba babban kamfani, shi ya ba wakilin jiha, shi ya ba mai shago, shi ya ajiye yaro. Rajistar NIN ta nuna yadda wannan ke ƙarewa. Kamfanonin da hukumar NIMC ta ba lasisi sun daɗe suna kuka a jaridu cewa suna bin ta bashi, har sai da shugabar da aka naɗa a 2023, Abisoye Coker-Odusote, ta sanar da biyan tsofaffin basussukan. A tsawon jiran nan, na can ƙasan tsani ba shi da takarda da hukuma, ba shi da wanda zai kai wa ƙara. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wannan ma na cikin abin da ya sa rajistar da aka ce kyauta ce ta koma ta "kawo na data". Ƙidayar jama'a da aka shirya yi daga 3 zuwa 7 ga Mayun 2023, wadda za ta zama ta farko da na'ura, ita kuma ɗage ta aka yi ana saura kwanaki, bayan an horas da ma'aikatan wucin gadi, aka bar su suna zanga-zangar neman alawus a jihohi da dama.

Jigawa ta taɓa gwada hanyar fita a wani fannin. Shirin J-Teach, da aka fara a zamanin Gwamna Muhammad Badaru Abubakar, ya ɗauki matasa koyarwa a kan alawus, daga baya gwamnatin Umar Namadi ta mayar da dubbai daga cikinsu ma'aikatan dindindin. A jihar da tsarin fanshonta na karo-karo ya yi suna har wasu jihohi ke zuwa koyo, wannan tsallakawa babban abu ne. Malamai suna da yawa, suna da ƙungiya, ana ganinsu a aji. Masu aikin kwamfuta a warwatse suke, ɗaya a nan, biyu a can, kowa da irin takardarsa, wasu babu takardar ma. Gwamna Namadi kansa akanta ne, ya kuma riƙe ma'aikatar kuɗi, saboda haka ba ya buƙatar a yi masa bayanin bambancin bauca mai rasit da marar rasit. Umarni ɗaya ga masu biyan kuɗi a ma'aikatu da ƙananan hukumomi 27, cewa kowane biya ya fita da takardar abin da aka cire da inda aka kai shi, ba zai ci kasafin kuɗi ba.

Ita ma gwamnati tana tafka asara a wannan duhu, ko da ba ta shiga littafi. Ranar da wa'adin shiri ya ƙare, yaron yakan naɗe wayar cajinsa ya tafi, wani Kano, wani Abuja, wani ya buɗe shagon POS a bakin tasha. Kalmar sirrin rumbun bayanai na cikin kansa, domin babu wanda ya taɓa neman ya rubuta ta ya miƙa, tunda a takarda ba shi da kujerar da zai miƙa wa wani. Bayan wata uku na'ura ta tsaya ana gab da biyan albashi. Sai a nemo lambarsa a wayar masinja, a kira shi da "Injiniya" a karon farko. Ya ce yana da nisa, sai an turo kuɗin mota da na aiki tukuna. A tura masa ta waya daga aljihun wani, babu bauca, babu kashi 5.